Karofin Haruffa

A Ƙaraye, bayan tashar mota,
shagona yana kallon karofin kakana.
Ramuka goma sha ɗaya, babu baba ko a ɗaya,
sai leda, sai kwaɗi in damina ta sauka.

Ban gaji rini ba, na dai gaji zama a bakin rami.
Nawa ramin a cikin kwamfuta yake,
wata manhaja da Haladu ya zuba mini
shekarar da aka ja mana wuta,
kafin ya tafi Fatakwal, muka daina jin ɗuriyarsa.

Nakan ba ta rubutu tsirara,
fari fat, kamar sawaye daga hannun masaƙi,
in jera mata ƙa'ida a gefe:
nan kai, nan jiki, nan gindin shafi,
sunan mamaci a kauranta shi.
Ta tsoma, ta tsamo.
Rubutu ɗaya ya fito da riga uku,
ta bangon masallaci, ta aljihu, ta teburin hakimi.
Ba ta taɓa mayar mini da ƙasa kasa ba,
ko ta yar da ƙugiyar ɗa a hanya.

Da ita na buga rajistar manoman rake,
da rabon gadon gidan Sha'aibu Maikwari,
da tarihin unguwar marina
wanda Barmani ta faɗa mini a zama tara
tana ɓarzar goro, don haƙora sun ƙare.

Mai ita ban san fuskarsa ba.
Suna ne kawai a ƙasan wani shafi, da adireshi.
Na taɓa aika masa godiya,
saƙon ya dawo, wai babu wannan gida.
Facin ƙarshe da aka yi mata
ya girmi Rumasa'u, autata,
ita kuwa bana take rubuta jarrabawar fita sakandare.

Ba a yi shela ba.
Ba sadakar uku, ba ta arba'in.
Irinsu ba mutuwa suke yi ba,
ƙafa ake ɗaukewa,
yau mutum ɗaya, gobe biyu,
har ciyawa ta rufe turba.

Nafi'u ya zo daga Kano da sabuwar na'ura,
sirit, ba ta ko tari.
Muka ba ta tarihin Barmani ta buɗe,
sai ga akwatuna a jere, da alamun tambaya,
kamar ita ma mu take tambaya.
Ya ce, Kawu, ai wannan yaren ba mai jin sa yanzu.
Tasa kuwa kowane wata sai an ba ta kuɗi,
in babu sabis ta naɗe hannu.

Ba zan yi mata ƙazafi ba, tana da sauri.
Kakana ma, da hannunsa shuɗi har gwiwa,
atamfar kanti ya sayo wa kakata da salla.

Makon jiya 'ya'yan Sha'aibu suka tayar da maganar iyaka,
wannan ya ce tsamiya, wancan ya ce kuka.
Na jona tsohuwar a batirin sola,
fankarta ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake.
Muka zuba wa allo ido, mu biyar.
Ta tsoma. Ta daɗe. Ta tsamo.
Tsamiya ce.

Tun ranar, in na rufe shago bayan isha'i,
nakan tuɓe wa takardun riga ɗaya bayan ɗaya,
in adana su tsirara, don haka kowa ke iya karanta su.
Ƙa'idojin kuma ina kwafe su da biro
a littafin lissafin Rumasa'u na bara,
ko wani zai zo, ko ba zai zo ba.

Ɗazu akuyar maƙwabci ta faɗa rami na bakwai.
Na sauka na turo ta.
Da na fito ina kaɗe jiki,
sai na ga ƙarƙashin farcena ya yi shuɗi.